Nazarin Lamari: Yadda Madigadin Gaba Ya Kayar da Wani Mai Keke a Bayan Basawa

Mutumin, keken da hanyarsa

Wanda wannan nazari ya shafa magidanci ne mai shekara 44. Yana zaune a wani ƙauye da ke bayan Basawa, yana aiki a shagon kayan gini a Sabon Garin Zariya. Daga ƙofar gidansa zuwa shago kilomita 11 ne. Uku na farko hanyar burji ce ta jar ƙasa da tsakuwa wadda ta ratsa gonaki. Sauran kwalta ce: titin Basawa zuwa Palladan, ya bi ta Kwangila, ya faɗa Sabon Gari. A hanyar burjin akwai gangara ɗaya mai tsawon kimanin mita 150 da ke sauka zuwa wani kwalbati.

Shekara da shekaru da babur yake zuwa aiki. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin Yuli ya ƙare kuma ta wuce 600. Albashinsa bai motsa ba. Ya jingine babur a zaure, ya kakkaɓe tsohon keken da ya shekara shida a ɗakin kaya.

Baƙin keke ne irin na da, mai taya 28, da birkin sanda, da kariya, da madigadin ƙarfe gaba da baya. Yadda aka ɗaura na gaban shi ne jigon duk abin da ya biyo baya. A wuri uku yake riƙe. A sama akwai ɗan kunnen ƙarfe da aka ɗaure da noti a inda ƙafafun fok, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, suka haɗu. A ƙasa kuma siraran sanduna biyu ne, ɗaya a kowane gefe, da suka taso daga wutsiyar madigadin suka shiga ƙarƙashin notin aksil. Ke nan duk ranar da za a cire tayar gaba, sai an kwance sandunan, an lanƙwasa su gefe, an sake mayar da su.

Yuni zuwa Yuli 2023: sabuwar taya da ƙarar farko

A makon farko na Yuni ya kai keken wurin wani dattijo mai gyaran keke a bakin titin Basawa. Tayoyin sun tsage saboda daɗewa a ajiye, aka canja su. Shi da kansa ya zaɓi wadda ta fi kauri da zurfin zane, saboda burji da damina. Girmanta ɗaya da tsohuwar a rubuce, amma da aka hura ta sai ta cika wurin. Dattijon ya tuna cewa a wutsiyar madigadin yatsu biyu suna shiga tsakaninsa da taya, a sama kuwa, ƙarƙashin fok, ko ƙaramin yatsa ba ya shiga. Tayar tana juyawa ba ta goga, don haka babu wanda ya ce komai.

Wajen tsakiyar Yuli aka fara jin ƙara. Duk inda hanya ta yi gargada sai gaban keken ya riƙa kas-kas-kas. Da aka duba, ƙusar da ta haɗa sandar hagu da wutsiyar madigadin ce ta faɗi, ramin da take ciki kuma tsatsa ta cinye gefensa. Dattijon ya ce a sayi sabon madigadi. Mai keken ya ce wata bai yi ba tukuna. Aka yanko robar tsohon tib aka ɗaure sandar da wutsiyar tamau.

Ƙarar ta ɗauke na kusan mako biyu. Roba tana ja ne a koyaushe, kuma gefe ɗaya kawai aka ɗaure, saboda haka a hankali ta karkato da madigadin zuwa hagu har gefensa ya fara shafar taya. Daga nan ya zama al'ada: kafin ya hau da safe sai ya kama wutsiyar da hannu ya banƙare ta zuwa dama. Ƙarfen madigadi siriri ne, kuma duk banƙarawa tana ƙara raunana shi a daidai wurin da tsatsa ta riga ta ci.

Agusta zuwa Satumba 2023: laka, waya, sannan walda

Ruwan da Zariya ke samu a shekara yana kai kimanin milimita 1,000, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma Agusta ne marka. Jar ƙasar hanyarsa idan ta sha ruwa danƙo take yi, ta kwaso tsakuwa da ciyawa. Sabuwar tayar mai zurfin zane ta riƙa ɗebo ta tana cusawa ƙarƙashin madigadi. Ta ƙasa wuri a buɗe yake, laka ta shiga ba wahala. A sama babu mafita, sai ta taru.

Ya fara yawo da ɗan tsinke a kariya don ƙwaƙule ta. Wata safiya cikin mako na uku na Agusta, yana tafe a hankali cikin caɓi, tayar gaba ta cije gaba ɗaya. Ya sauke ƙafa, bai faɗi ba. Ya zauna a gefen hanya ya ƙwaƙulo laka da tsakuwa guda mai girman ƙwayar gyaɗa, ya ci gaba da tafiya. Da ya ba abokan aikinsa labari, a matsayin labarin muguntar hanya ya bayar, su ma haka suka karɓa.

A wannan makon robar ta tsinke. Ya ɗauko wayar ɗaurin rodi a shago, ya murɗe sandar da filaya. Waya ba ta saki kamar roba, amma takan ci ƙarfen da ya fi ta rauni. Cikin kwana goma ramin ya faɗaɗa har ya kusa ɓallewa zuwa baki. Ƙarshen wayar da aka murɗe kuma ciki ya kalla, ya zama ƙugiya: leda, zaren buhu, busasshiyar ciyawa, duk abin da taya ta ɗauko sai ya maƙale a nan.

Ranar 9 ga Satumba ya tsaya wurin wani mai walda da ke kusa da shagonsu. Mai waldar ya like sandunan biyu da jikin madigadin, ya ƙara ɗigo biyu a kunnen sama wanda shi ma ya fara motsi. A jikin keken aka yi aikin, ba a cire taya ba, kuma don ƙarfe ya haɗu da ƙarfe sai da yaron shagon ya danne madigadin ƙasa. Tazarar sama, wadda da ma ba ta kai yatsa ba, ta ƙara raguwa. Gefen waldar kuma ya ƙone ya yi laushi, kamar yadda siririn ƙarfe kan yi idan wuta ta yi masa yawa.

Ta fuskar abin da ya dame shi, aiki ya yi kyau. Ƙara ta mutu murus. Wata biyu cur bai sake taɓa madigadin ba, ruwa ya ɗauke, laka ta bushe, ya jefar da tsinken.

Talata 14 ga Nuwamba 2023: faɗuwar

Lokacin ana yankan dawa, kara ya cika gefen hanya, amalanke da shanu sun tattaka wasu sun watsa su a tsakiya. Wajen ƙarfe bakwai saura kwata na safe ya hau gangaren nan. Bai taka feda ba, bai kuma kama birki ba, ya bar keken yana gangarawa da kansa kamar kullum. Gudunsa zai kai kilomita 20 a awa.

Tayar gaba ta taka wani guntun kara mai tsawon taƙi da kaurin babban yatsa. Abin da ya ji kawai wata ƙara ce, sai ya tsinci kansa a ƙasa, keken ya biyo shi ta sama.

Abin da ya faru a tsakanin ana iya karanta shi a jikin keken. Idan keke yana tafiya, bayan tayar gaba sama yake yi. Duk abin da zanen taya ya cafke a ƙasa, ta baya yake tasowa, kuma wurin da zai fara tararwa shi ne wutsiyar madigadi. Karan ya samu ƙofa a buɗe ya shiga. Yana hawa wuri yana matsewa, don tazarar ta zama tamkar mazurari, faɗi a ƙasa, tsukuku a sama. Da ya cije sai ya haɗe taya da madigadi suka zama abu ɗaya, tayar ta ja wutsiyar sama da dukan nauyin mutum da keke. Da a ce sandunan sun ɓalle a wannan lokacin, da madigadin ya saki ya ba taya hanya. Walda ta hana. Sandunan suka bi juyin tayar, suka riƙe wutsiyar a manne da ita, ƙarfen ya karye a wurin da ya ƙone, ya nannaɗe ninki uku, ya cushe ƙarƙashin fok. Tayar ta tsaya cak.

Lissafin lokacin yana nuna dalilin da ya sa ƙwarewa ba ta da amfani a nan. Kewayen taya 28 kimanin mita 2.2 ne. A gudun kilomita 20 a awa keke yana cin mita biyar da rabi a sakan ɗaya, wato taya tana juyawa sau biyu da rabi. Daga ƙasa zuwa ƙarƙashin fok rabin juyi ne, kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Kafin kunne ya kai wa ƙwaƙwalwa labari har hannu ya motsa, an gama. Ko da ya kama birki ma babu abin da zai canja, tunda tayar ta riga ta tsaya fiye da yadda kowane birki zai tsayar da ita.

Bambancin gaba da baya kuma babba ne. Idan tayar baya ta cije, keke yakan ja ta a ƙasa, ya yi wutsil-wutsil, mai shi ya sauke ƙafa. Idan ta gaba ce, wurin da ta taɓa ƙasa ya zama madogara, jikin mutum kuma yana nan da gudunsa, sai ya wuce ta saman kan keken. A gangara abin ya fi sauƙin faruwa, don nauyi ya riga ya karkata gaba.

Da tafin hannun dama ya tare ƙasa, sannan haɓa da kafaɗa. Babu hular kwano a kansa. Fok ya lanƙwashe baya, sifok huɗu sun tsinke, rim ya ɗan karkace. Kwalbatin kankare yana gabansa da taku kamar shida.

Nuwamba 2023 zuwa Janairu 2024: jinya

Manoman da ke yanka a kusa ne suka ɗaga shi. Bai suma ba, bai yi amai ba, yana gane mutane, saboda haka ba a yi maganar Shika ba, inda asibitin koyarwa yake. Aka kai shi wurin maɗori a ƙauye, aka ja hannun, aka jera tsinkayen kara aka ɗaure. A rana ta biyu yatsun suka kumbura, suka yi sanyi, ya daina jin su sosai. Wansa ya ce a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti. Hoton ƙashi ya nuna karaya a ƙashin hannu dab da wuyan hannu, irin wadda aka saba gani ga wanda ya faɗi ya tare da tafi. Aka gyara zaman ƙashin, aka sa filasta na mako shida, aka yi ɗinki uku a haɓa.

Aikinsa ya haɗa da ɗaga buhun siminti da jan rodi. Maigidansa ya riƙe masa gurbinsa, amma rabin albashi ya riƙa ba shi har zuwa tsakiyar Janairu, lokacin da ya koma yana zama a kan kanta yana rubuta rasit. Kuɗin hoto, filasta, magani, motar zuwa asibiti da albashin da ya rasa sun ninka kuɗin sabon madigadi sau da yawa.

Janairu zuwa Yuni 2024: tafiya babu madigadi

Dattijon mai gyara ya ƙi miƙe tsohon fok ɗin, ya ce ƙarfen da ya lanƙwashe haka ba ya komawa da ƙarfinsa na da. Aka sa sabo, aka ɗaure rim. Da aka zo kan madigadi, mai keken ya ce, "Baba, bar shi. Abin da ya kusa kashe ni ba zan sake saya da kuɗina ba."

Duk tsawon rani wannan shawara ta yi aiki. Babu ƙara, babu abin da zai cije, keken ya ma fi sauƙi. Ƙura ce kawai, ita kuwa da madigadi da babu duk ɗaya ne a hunturun Zariya.

Ruwa na sauka a Mayu lissafin ya canja. Tayar gaba tana watso ruwa da yashi ta baya zuwa ƙafafu da sarƙa, tana kuma cilla wani sama ta gaban fok, iska ta dawo da shi fuskar mai tuƙi. Wando da takalmi sukan jiƙe kafin ya kai Palladan. Yashi ya shiga boris ɗin wuyan keke har kan ya fara ƙanƙara wajen juyawa, mahaɗan birkin sanda su ma suka riƙa cijewa. Ranar 11 ga Yuni, ana yayyafi, yana gab da Kwangila inda manyan motocin Kano da na Sakkwato ke haɗuwa da 'yan acaɓa da masu Keke Napep, ruwan kwalta mai yashi ya shiga masa ido biyu lokaci guda. Ya runtse, ya saki hannu ɗaya don ya goge, keken ya karkata cikin titi. Direban wata motar haya ya taka birki ya kauce masa. Ba a taɓa shi ba, amma daga nan tura keken ya yi har shago.

Yuni 2024: gwajin jarka da sabon ɗauri

Ɗan wansa, wanda ke karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, shi ya shigo da wata hanya ta uku. Tun bayan haɗarin ya ɗauki nannaɗaɗɗen madigadin ya ajiye. Ya gaya wa baffan nasa cewa matsalar sananniya ce a wurin masu ƙera keke, har ƙa'idar duniya ta ingancin kekuna, ISO 4210, ta ware wa madigadin gaba gwaji na musamman. Ana zura rodi mai kaurin milimita 12 tsakanin sifok, a jikin rim, ƙarƙashin sandunan madigadi, a juya taya ta tura sandunan sama da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 16 na minti ɗaya. Idan an zare rodin, dole taya ta ci gaba da juyawa. Sannan a danna wutsiyar zuwa taya da ƙarfin kimanin kilo 8, nan ma kada ta hana ta juyi. Shi ya sa kamfanoni irin su SKS na Jamus suke sa wani ɗan maƙalin roba a ƙarshen sandunan gaba, wanda ke fizgewa da kansa idan wani abu ya cije. A wasu kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai akan ga irinsa, kuma sau da yawa idan ya fita sai a ɗauka lalacewa ya yi, a ɗaure shi da waya.

Dattijon bai karɓi maganar da baki ba. Ya ce, "Yaro, shekara talatin ina ɗaura madigadi a aksil. Nuna mini in gani."

Kayan gwajin duk suna kusa. Rodi mai 12 shi ake sayarwa kullum a shagon da baffan ke aiki, aka yanko guntu. Aka ɗaga gaban keken aka ɗaure shi a jikin bishiyar da dattijon ke aiki a ƙarƙashinta, mutum biyu suka riƙe. Aka rataya jarka da igiya a gaban rim, yadda nauyinta zai juya tayar gaba, aka riƙa zuba ruwa da kwano. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka lita 16 ake nema.

Da farko aka gwada wani tsohon madigadi da ke cikin tarkacen dattijon, an ɗaura shi yadda aka saba, sanduna a ƙarƙashin notin aksil. Jarka ba ta kai lita 16 ba sandunan suka lanƙwashe, wutsiyar ta dunƙule ta kwanta a kan taya. Aka zare rodi, taya ta ƙi motsi sai da aka sa ƙarfi.

Sai aka ɗaura sabon madigadin da sauye-sauye. Aka mayar da siririyar taya mai ƙaramin zane a gaba, aka ɗaga kunnen sama har yatsa ya riƙa shiga a sake, kimanin milimita 15, aka kuma daidaita wutsiyar ta ɗan fi saman matsewa kaɗan, yadda duk abin da ya iya shiga ta ƙasa zai iya fita ta sama. Notin sama aka sa mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi, domin nan ne wurin da ba a so ya saki ko kaɗan: idan ya saki, madigadin gaba ɗaya zai bi taya ya zagayo gaba. Aka rage tsawon wutsiyar da kimanin santimita 10, aka maye gurbin da faffaɗar roba daga tsohon tib, wadda ke tare ruwa amma ta lanƙwashe idan abu ya buge ta.

Babban sauyin a sandunan yake. An raba su da aksil. Aka ɗaura ɗan zoben ƙarfe a kowace ƙafar fok, santimita 10 sama da aksil, da roba a ƙarƙashinsa don kada ya zame, aka gajarta sandunan, aka haɗa su da zoben da siririyar robar zarge irin ta masu wayarin, guda ɗaya a kowane gefe. Ɗaga wurin ɗaurin yana da nasa amfanin ko da robar ba ta tsinke ba. Sandar da aka kafa a aksil tana zagaye ne tare da taya, tazararta ba ta canjawa. Wadda aka kafa sama da aksil kuwa, idan aka tura ta sama, nesanta wutsiyar take yi da taya. Dattijon ya ƙara nasa: ya ɗan buɗa sandunan waje kafin a ɗaure, don in sun saki su yi tsalle gefe, kada su faɗa cikin sifok.

Aka sake rataya jarka. Kafin ta cika lita 16 robobin suka tsinke, sandunan suka buɗe, madigadin ya tsaya a rataye daga sama. Aka zare rodi, aka juya taya da yatsa ɗaya.

Agusta zuwa Oktoba 2024: abin da hanya ta nuna

Gyaran bai tafi sumul ba. Fararen robobi aka fara sawa, kuma keken a rana yake yini a ƙofar shago. Cikin Agusta ta dama ta tsinke da kanta a kan gargada, ba tare da komai ya shiga ba. Ya ji ƙarar, ya tsaya, ya ɗaure da wata. Farar roba irin wannan rana tana busar da ita ta yi ƙanƙas, baƙar ta fi jurewa. Aka koma baƙa, ya kuma riƙa ajiye guda huɗu a jakar sifana da ke ƙarƙashin sirdi. Laka ta ci gaba da shiga, amma yanzu tana fita ta gaba, sau ɗaya kawai ya tsaya ƙwaƙule ta a duk markar.

Ranar 23 ga Oktoba da yamma, a kan kwalta kusa da inda masu rake ke tsayawa da baro, tayar ta ɗauko wani guntun rake da aka yar. Ya ji ƙara mai ƙarfi, kan keken ya ɗan girgiza, sandar hagu ta saki tana lilo. Tayar ba ta tsaya ba. Ya kama birki ya sauka da ƙafafunsa. Wutsiyar ta ɗan lotsa, ya miƙe ta da hannu, ya zarga sabuwar roba, ya wuce gida.

Hukunci

Karan dawa ba shi ne sanadi ba, domin kara da rake da leda ba za su ƙare a hanyoyin Zariya ba. Abu biyu ne suka haɗu: tazarar da ke matsewa zuwa sama, wadda ta samo asali tun ranar da aka sa taya mai kauri a Yuni 2023, da sandunan da aka hana su saki a Satumba. Na farko ya sa abu ya cije, na biyu ya sa cijewar ta zama faɗuwa. Da ɗaya ne kawai a cikinsu, mai yiwuwa da abin ya tsaya a kan ƙara da lotsewar ƙarfe.

Gyare-gyaren nan uku, roba da waya da walda, duk ƙara suka yi wa magani, kuma kowanne ya fi wanda ya gabace shi ƙarfi. A ganina waldar ce mafi muni a cikinsu, duk da ita ce ta fi kama da aikin kirki, domin ta kashe alamar da ke sa shi duba gaban keken kullum, ta kuma toshe hanya ɗaya tak da madigadin zai bi ya saki. Ba a ce mai waldar ya yi ha'inci ba; abin da aka ce ya yi shi ya yi. Cijewar da ta faru cikin laka a Agusta 2023 kuwa ita ce haɗarin Nuwamba sak, gudu ne kawai ya bambanta su.

Cire madigadi ba wauta ba ce. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da kara ya fi yawa a hanya kuma babu ruwa, keke marar madigadin gaba ya fi mai ruɓaɓɓen madigadi aminci nesa ba kusa ba. Da damina ne ba ta ɗorewa ga wanda zai ratsa Kwangila.

Ɗaurin ƙarshe ya yi aiki ne saboda an zaɓi wurin da ake so ya fara karyewa, aka sa shi a abu mafi araha a jikin keken. Amma yana da iyaka. Robar zarge ba a ƙera ta don wannan aiki ba, ƙarfinta ya bambanta daga leda zuwa leda, kuma wanda ya ninka ta biyu ko uku don ta daina tsinkewa ya koma gidan jiya. Gwajin jarka a gindin bishiya bai kai na masana'anta ba, kuma nasara ɗaya a kan hanya ba ta isa a ce kowane abu da ya shiga zai fita haka ba. Wanda ya samu madigadi mai maƙalin asali, shi ya fi. Madigadin baya an bar shi yadda yake a aksil, kuma hakan daidai ne.

Zuwa Disamba 2024 mai keken yana canja robobin a farkon kowane wata biyu, yana kama birki tun daga saman gangaren, hular kwano kuwa har yanzu bai saya ba. Wuyan hannunsa yana ɗaukar rodi, amma buhun siminti sai an kama masa. Dattijon ya yi wa wasu kekuna irin wannan ɗauri, galibi na 'yan makaranta da iyayensu suka ji labarin. Yawancin masu zuwa da madigadi mai ƙara har yanzu hanyar mai walda suke tambaya.